Jiri bayan mura: me ya haɗa hanci da kunne?



Da zarar ɗari ya kankama, hunturu ya fara ɗauko ƙura, gida ɗaiɗai ne ba za ka ji ana tari da atishawa ba. Mura dai mun saba da ita, ba ta hana mu zuwa kasuwa. Amma akwai wani abu da kan biyo bayanta wanda ke firgita gida baki ɗaya, kuma tambaya a kansa takan zo mana a shirin kiwon lafiya a irin wannan lokaci. Mutum ya yi mura, ta lafa, har ya koma harkokinsa. Bayan sati guda ko biyu ya tashi da asuba zai yi alwala, sai ɗaki ya kama juyawa da shi. Bango na gudu, rufi na gudu. Ya yunƙura ya faɗi, ga amai, ga zufa. Bai suma ba, hankalinsa garau, amma ko kansa ya motsa a kan matashi sai ya ji kamar an wurga shi rijiya. Nan take gida ya rabu: wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce jifa ne, wasu su ce tansiyo. To shin murar nan da ta wuce tana da hannu a ciki?

Likitoci suna zarginta, kuma suna da dalilai masu ƙarfi. Sai dai ba a kama ta dumu-dumu ba, kuma ba kowane jiri da ya biyo bayan mura ne ɗanta ba. A nan ne fa ake asarar rai, za mu zo wurin.

Mu fara warware kalmar, domin mu Hausawa abubuwa biyu muke haɗawa mu ce musu jiri. Akwai wanda za ka miƙe tsaye da sauri sai ka ga duhu-duhu, ƙafafu su saki, ka koma ka zauna ya wuce. Wannan galibi na ƙarancin jini ne, ko ƙishirwa, ko yunwa, ko juna biyu, ko maganin tansiyo da ya yi yawa. Akwai kuma juwa, ko hajijiya, wadda duniya ce ke zagayawa kana gani da idonka. Ita muke magana a kanta. Wanda ya je gidan likita ya ce kawai "jiri nake ji" ya bar ma'aikacin lafiya da lalube. Ka faɗa masa duhu ne ko juyi ne, ka rage masa rabin aiki.

Yawancin hajijiya daga kunne take tasowa, abin da ke ba mutane mamaki. Ba abin kunya ba ne, don su ma Turawa sun daɗe suna ɗauka ciwon ƙwaƙwalwa ne, dangin farfaɗiya, sai a 1861 wani likita a Faransa mai suna Prosper Ménière ya nuna cewa kunnen ciki kaɗai ya isa ya jawo ta.

Ku ɗauki kunne kamar gida. Ramin da muke sa yatsa shi ne zaure, kuma dodon kunne ya rufe ƙarshensa. Bayan dodon kunne akwai tsakar gida, wani ɗan fili mai iska da ƴan ƙasusuwa uku, yana da wata ƴar hanya da ta ɓulle bayan hanci. Can ciki kuma ƙuryar ɗaki, binne cikin ƙashin kai mai tauri, duka-duka girmanta bai wuce kan ɗan yatsa ba. A cikin ƙuryar nan ma'aikata biyu ke zaune. Ɗaya mai kama da katantanwa, shi ke ji. Ɗayan kuma ƴan bututu ne guda uku lanƙwasassu kamar zobe, cike da ruwa, tare da ƴan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi irin na alli waɗanda ido ba ya gani. Shi ke riƙe da daidaiton jiki. Ka juya kai, ruwan ya motsa, ya kaɗa wasu ƴan gasu, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa an juya hagu ko dama. Kowa ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san aikin nan. Ka yi ta juyi ka tsaya cak, kai ka tsaya amma ruwan bai tsaya ba, kamar ruwan da aka kaɗa a ƙwarya aka ajiye. Shi ya sa kake faɗuwa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne kunnuwan biyu tare suke aiki, ko kana kwance ba ka motsi kowanne na aika saƙo ba fashi. Kamar shanun huɗa ne guda biyu a karkiya ɗaya. Muddin suna ja daidai, kunya na tafiya sak. Ɗaya ya durƙushe, ɗayan na ci gaba da ja, sai garma ta karkace ta kama zagaye. Haka yake idan kunnen hagu ya yi shiru na dama na magana: ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyawa kake, alhali ido na cewa kana kwance. Wannan saɓanin ne ke kawo amai. Idan kuka duba idon mai ciwon da kyau za ku ga ƙwayar na zamewa a hankali gefe guda, ta fizgo ta dawo, ta sake zamewa. Ba aljani ba ne ya leƙo. Ido ne ke ƙoƙarin bin juyin da babu shi.

To ina mura ta shigo?

Hanyar farko mai sauƙi ce kuma babu gardama a kanta. Majina da kumburi sun toshe ƴar hanyar nan da ta haɗa hanci da tsakar kunne, sai kunne ya yi dum, kana jin muryarka kamar daga cikin tulu, kai ya yi nauyi, tafiya ta ɗan rikice. Wannan da murar yake zuwa, da ita yake tafiya, kuma da wuya ya kayar da mutum.

Ta biyu ita ce mai firgitarwa, wato kumburin jijiyar daidaito, wanda likitocinmu ke kira nebrit bestibiler da faransanci. Wasu likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, su suka fayyace kamanninsa a 1952, kuma tun lokacin aka lura da yawa cikin masu shi sun yi wata masassara ko ciwon hanci da maƙogwaro kafin ya same su. An kuma ga yakan zo wa mutane da dama a lokaci guda, a unguwa ɗaya ko gida ɗaya, daidai lokacin da mura ke yawo. Hajijiyar na zuwa farat ɗaya, ta yi tsanani kwana ɗaya zuwa uku ba ta ɗagawa ko kana kwance, sannan ta fara sauka. Tangaɗi da rashin yarda da ƙafa kan ɗauki makonni, a wurin wasu har watanni. Ji kuwa lafiya lau. Idan kumburin ya haɗa da ɓangaren ji, kunne ɗaya ya dushe ko ya kama ƙara kamar kukan gyare, sunan ya koma labirantit, kuma shi ya fi buƙatar gaggawa.

Yadda birus ke kaiwa ga jijiyar nan, nan ne masana suka rabu. Wasu na ganin birus ɗin murar da kansa ke isa can ta jini ko ta tsakar kunne. Wasu na ganin ba shi ba ne, garkuwar jiki ce da ta tashi yaƙi da shi ta wuce gona da iri ta taɓa jijiyar. Bayani na uku shi ya fi samun karɓuwa, ni ma shi ya fi shiga kaina. Kun san ƴan ƙurajen nan da kan fito a gefen leɓe bayan an sha masassara? Wani birus ne ke kawo su, ana ce masa harfes. Yawancinmu mun ɗauke shi tun muna yara, kuma ba ya barin jiki, laɓewa yake cikin jijiyoyi ya yi barci. Masu bincike sun tarar da alamarsa a ƙullin jijiyar daidaito ta mutane da yawa. Abin da ake zato shi ne idan mura ta gajiyar da jiki, sai ya farka. Jijiyar kuwa ta wani matsattsen rami na ƙashi take ratsawa, da ta kumbura sai ta shaƙe. Ke nan mura ba ita ce ɓarawon ba, ita ce ta bar ƙofa a buɗe.

Bayani ne mai kyau, amma ga inda ya yi tuntuɓe. A 2004 likitoci a Jamus suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da masu wannan ciwo su 141. Aka raba su kashi huɗu: wasu aka ba su kortizon mai rage kumburi, wasu maganin da ke yaƙar harfes, wasu duka biyun, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan shekara guda aka auna aikin kunnuwansu. Kortizon ya taimaka, maganin birus kuwa bai ƙara komai ba. Mai yiwuwa kafin mutum ya iso asibiti birus ɗin ya riga ya gama ɓarnarsa, kumburin kawai ya rage. Mai yiwuwa kuma ba shi ne sanadin ba a wurin wasu. Kunnen ciki ba wurin da za a yanko a duba ba ne mutum na raye, shi ya sa har yau kalmar da masana ke amfani da ita "zargi" ce. Kuma a sani, mutane da yawa na kamuwa da ciwon nan ba tare da sun yi wata mura kafinsa ba.

Korona ta sake tayar da zancen. Bayan ɓullarta, wadda ta iso Nijar a watan Maris na 2020, an yi ta samun rahoton masu hajijiya da ƙarar kunne da dushewar ji a ƙasashe daban-daban. A 2021 masu bincike a Boston ta Amurka suka nuna a ɗakin gwaji cewa birus ɗin korona na iya shiga wasu ƙwayoyin halitta na kunnen ciki na ɗan Adam. Wannan ya nuna abin na iya faruwa. Bai nuna cewa duk wanda ya yi jiri bayan korona ita ce ta jawo masa ba. Waɗanda aka daɗe da tabbatar da ɓarnarsu a kunne su ne hangum da ƙyanda, masu iya kurmantar da yaro, da birus ɗin ƙarambau wanda kan farka bayan shekaru ya fito da ƙuraje masu zafi a kunne, ya karkatar da fuska, ya haɗa da hajijiya. Shi wannan na ƙarshe maganin birus na yi masa aiki idan an fara da wuri.

Yanzu mu zo inda na ce ana asarar rai. A watan Janairu, wa bai yi mura ba? Ka tsayar da mutum goma a tasha ka tambaye su, ka ji amsa. Saboda haka cewa "ai mura ya yi satin da ya wuce" ba hujja ba ce. Dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari, jini na iya toshewa a ƙwaƙwalwarsa ta wajen ƙeya, inda ake tattara saƙon kunnuwan nan biyu, kuma abin da zai fara nunawa shi ne hajijiya da amai, sak irin na kunne. Wannan ɗan uwan shanyewar ɓarin jiki ne, abin da ake ce wa AVC, ko da hannu da ƙafa ba su mutu ba. Idan aka ce a bar shi ya huta murar ce, ana iya wayar gari babu shi. Don haka idan mai hajijiya na ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko harshensa ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, ko wani gefen jiki ya yi sanyi ko ya mutu, ko ya kasa ko da zama sai an tallafe shi, ko ga wani sabon ciwon kai mai tsanani, ba a kwana da shi a gida. Mai ciwon kunne, duk wuyar da yake sha, yakan iya tsayawa yana dafa bango. Wanda ko zama ya gagare shi, a nemi mota. Kai, ni a ganina duk wanda ya manyanta ko yake da tansiyo ko sukari, hajijiyar farko da ta wuni ba ta sauka ba ta isa dalilin zuwa likita a ranar, ko babu ɗaya daga cikin alamun nan.

Mu kuma a nan muna da ƙarin abin tsoro, domin lokacin mura shi ne farkon lokacin sanƙarau, daga sanyi har zuwa zafin bazara kafin ruwa ya sauka. Mutanen Yamai ba su manta da 2015 ba. Sanƙarau na iya farawa kamar mura, kuma ƙwayarsa na ratsawa ta shiga kunnen ciki, shi ya sa wasu da suka tashi daga gare shi suka rasa ji har abada. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko yaro ya kama gyangyaɗi ba ya gane mutane, wannan gudu ake yi. Haka ma kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya sannan hajijiya ta shigo, da kunnen da ya daina ji rana ɗaya. Shi jin da ya ɗauke farat ɗaya, kwanakin farko ne ake da damar ceto shi. Bayan sati biyu damar ta ragu ƙwarai.

Akwai wani mai laifi da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi ba ni haushi don da kuɗinmu muke sayen shi. Mutum ya yi mura da masassara, ba a gwada jininsa ba, ya sayi kinin ya sha, ko ya sa a yi masa allurar jantamisin a wajen mai tallar magani. Kinin sananne ne wajen sa kunne ƙara da kawo jiri, amma shi yakan wuce in an daina. Jantamisin kuwa, da ɗan uwansa sitireftomisin, suna iya kashe ƴan gasun nan na kunnen ciki, kuma ba sa sake tsirowa. Magunguna ne masu ceton rai a hannun wanda ya san awonsu. Amma mura birus ce, antibiyotik kuwa bakteriya yake kashewa, babu ruwansa da birus. Sai ka ga an sha wahalar allura a banza, an taɓa kunne, a ƙarshe a ɗora wa mura laifi.

To idan ma'aikacin lafiya ya duba ya ce na kunne ne, me ake yi? Kwana biyun farko kwanciya ce dole, a wuri mai ɗan duhu, ana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ko ruwan gishiri da sukari saboda aman. In aman ya hana komai zama, a koma CSI a sa ƙarin ruwa. Maganin jiri da na amai da likita zai rubuta na ƴan kwanaki ne, kamar uku, ba na wata guda ba. Batun kortizon a bar wa likita, don binciken da ya biyo bayan na Jamus bai nuna ƙarara cewa kowa na amfana da shi ba, kuma yana tayar da sukari da tansiyo. Dangin deksa ne fa, wanda wasu mata ke sha don ƙiba suna jawo wa kansu ciwo. Kada kuma a ɗura man shanu ko ruwan albasa ko turare a kunne. Ciwon na ƙuryar ɗaki, ku kuna zuba magani a zaure.

Abin da ya fi kowane magani shi ne wanda ƴan uwa suka fi hanawa saboda tausayi: motsi. Ko jijiyar ba ta warke sarai ba, ƙwaƙwalwa na koyon tafiya da abin da ya rage, kamar manomin da sansa ɗaya ya raunana ya koyi danne garma ta gefe guda har kunya ta miƙe. Amma ba ta koyo a kwance, kuma maganin jiri in ya daɗe yana sa ta kasala. Tun shekarun 1940 likitoci a Ingila suka tsara motsa jiki domin wannan, har yau da shi ake aiki. Da aman ya tsaya, a zauna bakin gado. A kafa ido kan wata alama a bango, a riƙa juya kai hagu da dama a hankali ido bai bar alamar ba, sannan sama da ƙasa, minti ɗaya ko biyu, sau da yawa a wuni. Jirin zai ɗan motsa, haka ake so, in ya yi yawa a huta a sake. Daga nan a fara zagaya tsakar gida da wani a gefe, da rana, don a duhu abin ya fi tsanani. Salla a zaune ta halatta ga wanda tsayuwa ta gagara. Amma jan ruwa a bakin rijiya, hawa rumbu ko bishiya, tuƙa kabu-kabu, girki a kan murhu da goyo a baya, duk a dakata sai ƙafa ta dawo.

Wasu bayan sun warke da makonni sai wani sabon jiri ya ɓullo, su ɗauka ciwon ne ya dawo. Shi wannan gajere ne, bai kai minti guda ba, kuma sai an juya a kan gado, ko an ɗaga kai sama, ko an sunkuya ruku'u yake zuwa. Tsakuwoyin nan ne na alli suka ɓalle daga jakarsu suka faɗa cikin bututu. Yakan biyo bayan kumburin jijiya, yakan kuma zo haka kawai, musamman ga tsofaffi. Ba ƙwaya ke maganinsa ba. Likita ne zai kwantar da kai ya jujjuya maka kai bi da bi har tsakuwoyin su koma mazauninsu, aikin ƴan mintoci. Masu wannan aiki su ne likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, sashen ORL, irin wanda ke babban asibitin ƙasa na Yamai, kuma daga CSI ko asibitin gunduma ake ba da takardar zuwa. Wanda kuma hajijiyarsa ke zuwa tana komawa, kowane zuwa ta ɗauki awoyi, da ƙarar kunne da ji mai raguwa, shi ma can ya dace, don wata cuta ce daban, wadda aka sa wa sunan Ménière ɗin nan.

Ƴan uwa da ke Kano, Legas, Akara, Abijan, Libiya, Aljeriya ko Turai, ku ake fara kira in abin ya faru, kuma sau da yawa maganarku ce ke yanke a tafi ko a zauna. Kafin ku ce a sayo magani, ku sa a miƙa wa marar lafiyar waya ku ji muryarsa da kunnenku, ko harshe ya yi nauyi. Ku tambaya duhu yake gani ko juyi, tun yaushe, yana ɗagawa ko ba ya ɗagawa. Ku sa a toshe masa kunne ɗaya a yi magana a ɗayan, sannan a sauya. Ku tambaya yana iya zama da tsayawa shi kaɗai, da zazzaɓi ko babu, wuya na lanƙwasuwa ko a'a. Kuɗin da za ku turo ya fara zama na mota zuwa gidan likita. In za a tafi kuma, a tattara duk kwalayen magani da kwalaben allurar da aka yi masa tun farkon murar, har da waɗanda aka saya a kasuwa, a tafi da su a nuna.